Yadda takardar haraji ta nemi cinye gadon marayu a Mont-Bouët

Ranar da aka yi addu'ar bakwai ta abokin kasuwancin kawuna, bayan jama'a sun watse ana naɗe tabarmi, Kawu ya ja ni gefe ya miƙo mini wata baƙar leda. Ya ce, "Malam, kai ne mai faransanci a gidan nan. Duba mana takardun nan, ka faɗa mana abin da yaran nan suke da shi a shago."

Na karɓa ina ganin aikin dare ɗaya ne. Ni malamin firamare ne, ajin ƙarshe nake koyarwa, kuma abin da aka koya mini a makarantar horon malamai shi ne yadda zan sa yaro ya gane rabi da kwata, ba yadda ake karanta lissafin kamfani ba. Amma ka san halinmu a nan Libreville: duk wanda ya yi boko a gida shi ne lauya, shi ne likita, shi ne tafinta. Ledar nan ita ta cinye mini hutun ƙarshen shekara gaba ɗaya, kuma abin da na gani a cikinta ne ya sa na ce bari in rubuta, don na tabbata irinta tana nan a ƙarƙashin gado a gidaje da yawa daga Akébé zuwa Lalala.

Kawu da marigayin sun fi shekara ashirin tare suna sarin shinkafa, mai, sukari da madara a gefen kasuwar Mont-Bouët. Ba su taɓa rubuta yarjejeniya ba sai da wani kamfani mai ciyar da ma'aikata a daji ya ce ba zai sayi kayansu ba sai da takardar ciniki mai lambar haraji. Sai suka je suka yi rajistar kamfani irin wanda ake kira SARL, rabi da rabi, Kawu ne manaja a takarda. Bayan haka ba abin da ya canja a shagon. Aljihun tebur ɗaya, littafin bashi ɗaya, amana ɗaya. Abin da ya ƙaru kawai shi ne duk watan Afrilu wani mutum yakan zo da jaka, a ba shi ɗan abin da aka ba shi, bayan kwana biyu ya dawo da takardu Kawu ya sa hannu, a kai ofishin haraji kafin 30 ga wata.

Waɗannan takardun ne a cikin ledar, na shekara biyar, tare da takardar kafa kamfanin, da littattafan makaranta guda shida cike da sunayen masu bashi, wasu da ajami wasu da boko, da tarin rasit da rana ta cinye rubutunsu.

Da na zauna na bi su layi-layi da ƙamus a gefe, sai gabana ya faɗi. A takarda, kamfanin ya yi asara shekara huɗu cikin biyar. Kuɗin kayan da ke cikin sito lamba ɗaya ce aka yi ta maimaitawa kowace shekara, ko sefa ɗaya ba ta motsa ba. Jarin da suka zuba, asara ta cinye shi. Wato idan takardar nan za a bi, rabin marigayin ba komai ba ne, 'ya'yansa shida da mahaifiyarsu ba su gaji ko buhu ɗaya ba. Alhali ni da idona na san siton nan cike yake har rufi.

Da na faɗa wa Kawu, dariya ya yi. "Haba Malam, ai wannan ta lampo ce. Ba ta gaskiya ba ce."

Na ce, "To Kawu, ina ta gaskiyar?"

Ya nuna kansa da yatsa. Sannan ya yi shiru, don shi ma ya tuna cewa rabin lissafin yana cikin kan wanda muka kai makwanci.

Ba wanda yake zargin Kawu da cin amana a lokacin, amma ƙanen marigayin da ya zo daga Oyem ya riga ya fara tambaya a hankali, babban ɗan kuma ɗalibi ne, ya iya karanta takarda kamar yadda na iya. Na hango inda abin zai je. Idan aka kai gaban alƙali, takarda za a duba. Idan Kawu ya ce takardar gaskiya ce, ya cinye marayu. Idan ya ce ƙarya ce, to sa hannun wa ke ƙasanta?

Dokar da ba a majalisarmu aka yi ta ba

Abin da na fara ganowa shi ne dokar da ke hukunta littafin shagon Kawu ba dokar Gabon ce kaɗai ba. Ta wata ƙungiya ce da ake kira OHADA, wadda aka kafa da yarjejeniyar da aka sa wa hannu a birnin Port-Louis na tsibirin Moris ranar 17 ga Oktoba, 1993, kuma Gabon tana cikin waɗanda suka sa hannu tun ranar farko. Dalilin kafa ta shi ne a wancan lokacin kowace ƙasa tana aiki da tsofaffin dokokin kasuwanci da Faransa ta bari, an yi musu faci nan da can, har ɗan kasuwa bai san hukuncin da zai tarar ba idan ya tsallaka iyaka. Wani babban alƙali ɗan Senegal, Kéba Mbaye, shi ya jagoranci aikin haɗa su. Yau ƙasashe 17 ne a ciki, har da Kamaru, Chadi, Nijar, Benin, Togo, Mali da Kwango biyu. Ofishin ƙungiyar yana Yawunde, babbar kotunta tana Abijan. Najeriya da Gana ba sa ciki.

Wannan ya shafe mu kai tsaye. Bahaushen da ke da shago a Maraɗi, da na Garwa, da na Bitam, da na Mont-Bouët, doka ɗaya ce a kan littafinsu, tsari ɗaya, lambobin asusu iri ɗaya. Ɗan'uwansu na Kantin Kwari a Kano shi ne yake ƙarƙashin wata dokar dabam. Kuma idan majalisar ministocin OHADA ta zartar da doka, tana fara aiki a dukkan ƙasashen ba tare da ta bi ta majalisar dokokin kowace ƙasa ba. Shi ya sa da yawanmu ba mu taɓa jin an yi muhawara a kanta a rediyo ba.

Dokar lissafi ta farko an yi ta a Yawunde ranar 24 ga Maris, 2000, ta maye gurbin tsohon tsarin OCAM da ake bi tun 1970. Sannan aka yi mata babban garambawul a Barazabil ranar 26 ga Janairu, 2017, ta fara aiki 1 ga Janairu, 2018. Ita ce akantoci ke kira SYSCOHADA sabon gyara. Na sauko da ita a waya, na kai wani shagon kwafi kusa da Jami'ar Omar Bongo aka buga mini sassan da nake buƙata. Dokar kanta ba ta da tsawo sosai. Bayanin da aka liƙa mata ne ya yi kaurin bulo.

Me ya jawo gyaran? Duniya ce ta motsa. A ƙarshen 2001 kamfanin makamashi na Enron a Amurka ya durƙushe bayan an gano ya ɓoye tarin bashi a wasu ƙananan kamfanoni da ya ƙirƙira, ma'aikata suka rasa aiki da kuɗin fansho, kuma kamfanin da ke binciken asusunsa, Arthur Andersen, shi ma ya bi shi. A Yulin 2002 Amurka ta yi dokar Sarbanes-Oxley, wadda ta tilasta wa shugaban kamfani da shugaban sashen kuɗi su sa hannu da kansu cewa lissafin da aka fitar gaskiya ne. Tarayyar Turai ta koma kan ma'aunin lissafi na duniya, IFRS, a 2005. A Najeriya an yi badaƙalar Cadbury a 2006, inda aka gano an yi shekaru ana kumbura riba. A 2011 aka kafa hukumar sa ido kan rahoton kuɗi, daga 2012 manyan kamfanoni suka koma IFRS. Ƙasashen OHADA suka ga idan ba su matso ba, mai zuba jari daga waje ba zai iya karanta takardunsu ba. Don haka gyaran 2017 ya ɗauko abubuwa da yawa daga ma'aunin duniya, ya kuma wajabta wa kamfanonin da ke sayar da hannun jari ga jama'a su fitar da lissafi na IFRS daga 2019.

Ina karanta labarin Enron da dare sai na kama kaina ina murmushi. Su sun ɓoye bashi don a ce masu kuɗi ne. Mu muna ɓoye dukiya don a ce matalauta ne. Amma wanda ke shan wuya a ƙarshe iri ɗaya ne: mutumin da ba ya wurin lokacin da ake rubuta takardar, kuma ba shi da abin dogaro sai ita. Mu ma a nan ba mu manta da BR Sarl ba, wanda ya yi wa jama'a alkawarin riba mai tsoka, ya rufe ƙofa a 2015 ya bar dubban masu ajiya a rana. Kuma abin mamaki, hukumomi biyu da ke sa ido kan harkar kuɗi a yankin Afirka ta Tsakiya, COBAC ta bankuna da COSUMAF ta kasuwar hannun jari, duk a garin nan suke zaune.

Abin da ya shafi mai shago

Bari in bar manya in dawo kan tebur ɗin Kawu, don a nan ne na fi daɗewa.

Dokar 2017 ta raba masu kasuwanci gida biyu. Akwai cikakken tsari, akwai kuma ƙaramin tsari na shiga-da-fita, wanda kawai za ka riƙa rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita, a ƙarshen shekara ka ƙirga kaya da basussuka. A da akwai tsari na tsakiya, an soke shi. Ƙaramin tsarin na wanda cinikinsa na shekara bai kai sefa miliyan 60 ba ne idan saye da sayarwa yake yi, miliyan 40 ga mai sana'ar hannu, miliyan 30 ga mai aikin hidima.

Da na faɗa wa Kawu miliyan 60 sai ya ce, "Ina muka ga wannan kuɗi?" Na ɗauko alli, halin malami. Ba riba ake nufi ba, ciniki ake nufi, duk abin da ya shiga aljihun tebur. Wanda ke cinikin sefa dubu 165 a rana, kullum, ya riga ya haye miliyan 60 a shekara. Mai sarin shinkafa kan yi wannan kafin azahar. Kawu ya daɗe da shiga cikakken tsari bai sani ba. Kuma na tabbata masu sarin atamfa, da mahautan da ke kai nama otal-otal, da masu shigo da kaya daga Duwala da Kwatano, da yawansu haka suke.

Cikakken tsari yana neman takardu huɗu a ƙarshen shekara: bilan, wato jerin abin da kamfani ya mallaka da abin da ake bin sa, lissafin riba da asara, jadawalin yadda tsabar kuɗi ta shiga ta fita, da bayanan da ke fayyace lambobin. Shekarar lissafi tana ƙarewa 31 ga Disamba, kuma dole a kammala takardun cikin wata huɗu. Ashe daga nan Afrilun mutumin mai jaka ya samo asali. Dokar ta ce a ƙirga kayan sito da hannu duk ƙarshen shekara, ba a zauna a ƙiyasta ba. Kowane abin da aka rubuta sai da shaidarsa mai kwanan wata, a kuma adana littattafai da rasit shekara goma. Ba a barin gurbi a littafi, ba a gogewa; idan ka yi kuskure sai ka sake rubuta lambar da alamar ragi, sannan ka rubuta daidai, yadda mai dubawa zai ga kuskuren da gyaransa. Wannan ta burge ni, don ni ma haka nake hana yara yaga shafi.

Amma sassa biyu ne suka hana ni barci. Sashe na 68 ya ce littafin da aka riƙe bisa ƙa'ida ana karɓarsa a kotu a matsayin hujja tsakanin 'yan kasuwa, wanda kuwa ba a riƙe shi bisa ƙa'ida ba, mai shi ba zai iya kafa hujja da shi don amfanin kansa ba. Wato littattafan bashin nan shida, da duk wahalar da aka sha wajen rubuta su, idan mai bashi ya musanta, ba lallai su tsaya wa Kawu ba. Sashe na 111 kuma ya ce laifi ne shugaban kamfani ya ƙi yin ƙirga da lissafin shekara, laifi ne kuma ya fitar da lissafin da ya san ba ya nuna ainihin halin kamfanin. OHADA tana faɗin laifin, kowace ƙasa ita ke yanke hukuncinsa. Mutumin mai jaka ba ya sa sunansa a ko'ina. Sunan Kawu ne a kowane shafi.

Wani abokina da muka yi sakandare tare, shi ya wuce makarantar koyon gudanarwa ta INSG, ya ce mini ai rabin labarin na karanta, in nemi dokar kamfanoni, wadda aka sabunta a Wagadugu ranar 30 ga Janairu, 2014. A nan na ga haƙƙoƙin da marigayin yake da su tun yana raye bai taɓa amfani da ko ɗaya ba. A kamfanin SARL dole masu hannun jari su zauna cikin wata shida bayan ƙarshen shekara su amince da lissafi. Wanda ba manaja ba yana da damar neman kwafin lissafin shekara uku na baya, da damar yi wa manaja tambaya a rubuce sau biyu a shekara idan ya ga abin da ke barazana ga kamfanin. Kafin a raba riba sai an ware kashi 10 cikin 100 a ajiye, har ajiyar ta kai kashi 20 cikin 100 na jari. Mutuwar ɗaya daga cikinsu ba ta rushe kamfanin, sai in takardar kafa shi ta ce haka. Hannun jarinsa ne ke komawa ga magada. Mai binciken asusu na waje kuwa ba ya zama dole sai kamfani ya cika biyu cikin uku: dukiya sama da miliyan 125, ciniki sama da miliyan 250, ko ma'aikata sama da 50.

Kada wanda bai yi rajista ba ya ce shi ya tsira. Dokar ta san da mutanen da ke haɗa jari suna raba riba ba tare da takarda ba. Idan alƙali ya tabbatar haka suke, sai ya ɗora musu hukuncin kamfanin da kowa ke ɗaukar bashin kowa, ba iyaka, har gidan da mutum ke kwana. Mu da muke cewa "ai ɗan'uwana ne, me za mu rubuta", ya kamata mu san wannan.

Inda muka fi samun saɓani da Kawu shi ne maganar aljihun tebur. Kuɗin makarantar yara daga nan ake ɗauka, kuɗin asibiti, gudummawar biki, har kujerar Makka ta su biyun. Na ce masa a doka wannan kuɗin na kamfani ne, duk abin da ya ɗauka sai a rubuta shi a asusun sunansa, bashi ne a kansa har a raba riba. Manajan da ya ɗibi dukiyar kamfani don buƙatar kansa da mugun nufi ma laifi dokar ta kira shi. Ransa ya ɓaci. "Kuɗina ne fa, Malam! Gumina ne!"

Na ce, "Allah Ya huci zuciyarka, Kawu. Rabinsa ne naka."

Bai yi mini magana ba kwana biyu.

Wanda ya warware mana, abin mamaki, ba akanta ba ne. Malamin da aka kira ya raba gadon ne. Ya saurari kowa, ya ce shi ba zai raba abin da ba a san adadinsa ba. A fara fitar da bashin da ake bin mamaci, a san wanda yake bi, a ƙirga kaya, sannan a kira shi. Ya kuma tuna mana cewa ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, a ƙarshen Suratul Baƙara, kan rubuta bashi da kafa shaidu take magana. Ya juya ga Kawu ya tambaye shi da wane lissafi suke fitar da zakkar shagon duk shekarun nan. Kawu ya sunkuyar da kai.

Aka rufe sito kwana uku. Ni da babban ɗan marigayin muna rubutu, kowa da littafinsa, ƙanen marigayin da wani dattijo daga ɓangarenmu suna shaida, 'yan dako suna sauke buhu ɗaya-ɗaya. Muka ɗauki akanta mai rajista a ƙungiyar ƙwararrun akantoci ta ƙasa, wata mata da ba ta wasa, wadda abin da ta fara tambaya shi ne takardun banki da na kwastan na tashar Owendo, don su ba sa ƙarya. Daga su ta sake gina cinikin shekarun baya. Littattafan bashin ta raba su uku: wanda mai shi ya amsa ya sa hannu, wanda ake sa ran zai biya, da wanda ya mutu ko ya bar gari. Na ukun ta ce doka ba ta yarda a ci gaba da ƙirga shi kamar kuɗi a hannu ba, sai a rage darajarsa. Da ta gama, rabin marigayin ya fito dukiya ta gaske, wadda za ta riƙe yaran nan har su gama karatu in an bi ta a hankali.

Sai dai gaskiya tana da farashi. Harajin riba a kan kamfani a nan kashi 30 cikin 100 ne, kuma lissafin gaskiya ya nuna ribar da aka ce babu. Matar ta ce ba za ta sa hannu a sabon bilan ba sai an je an gyara na baya, a biya abin da ya hau da tararsa. Nan aka sake tada jijiyar wuya. Ƙanen marigayin ya ce wanda ya sa hannu shi zai biya. Kawu ya ce marigayin yana zaune a kan benci ɗaya duk ranar da mai jaka ya zo. Hajiya, matar marigayin, wadda tun farko ba ta ce uffan ba, ita ta yanke daga bayan labule: tare suka ci, a cire daga shago kafin a raba, ba ta son a bar wa mijinta nauyi a kabari.

Ba zan ce dokar nan ba ta da aibu ba. Ta ce a riƙe littafi da harshen hukuma, wato faransanci, alhali rabin masu sarin Mont-Bouët da Hausa, Fulatanci, Bambara ko Larabci suke lissafi. Bayanan da cikakken tsari ke nema shafuka ne masu yawa, an tsara su da kamfanin mai da na katako a zuciya, sai aka ɗora wa mai shinkafa. Kuɗin akanta na gaske ba kaɗan ba ne, shi ya sa kasuwar masu jaka ke ci. Kuma muddin ɗan kasuwa yana ganin duk lambar da ya rubuta za ta zama sandar dukansa, zai ci gaba da riƙe littafi biyu, ko ya ƙi riƙe ko ɗaya. A ganina soke tsarin tsakiya kuskure ne. Tsakanin mai tebur da Total akwai jama'a da yawa. Amma duk da haka, bayan abin da na gani, ban ƙara yarda cewa rashin rubutu yana kare talaka ba. Mai ƙarfi a cikin haɗakar yake karewa.

Ga masu ƙaramin ƙarfi akwai sauƙi. Dokar kasuwanci da aka sabunta a Lome ranar 15 ga Disamba, 2010 ta ƙirƙiro matsayin ƙaramin ɗan kasuwa, wanda sanarwa kawai zai yi, ya riƙe littafin abin da ya shigo da abin da ya fita kullum, ya adana shi shekara biyar. Iyayenmu mata masu tuwo da masa, da samari masu shayi da tsire, littafin makaranta na sefa ɗari biyu ya ishe su.

Saura kwamitocinmu

Ina cikin wannan binciken na ci karo da wata dokar da ban nema ba, kuma ita ce ta fi kusa da ni. Ranar 22 ga Disamba, 2022, a Yamai, OHADA ta zartar da dokar lissafi ta ƙungiyoyin da ba na neman riba ba, ta fara aiki 1 ga Janairu, 2024. Ta shafi ƙungiyoyi masu rajista, gidauniyoyi da ayyukan raya ƙasa. Su ma an raba su: ƙanana, waɗanda abin da suke samu ta kowace hanya bai wuce miliyan 30 a shekara ba, su bi tsarin shiga-da-fita; manya su bi cikakke. Ta kuma wajabta littafin masu bayar da gudummawa, a rubuta wanda ya bayar da abin da ya bayar.

Ni sakatare ne a kwamitin wata Islamiyya ta unguwa, mai rajista. Da na koma na buɗe namu littafin sai na ji kunya. Akwai watan da aka rubuta "gyaran rufi" ba adadi, akwai gudummawar wani bawan Allah da ya ce kada a faɗi sunansa, mu kuma muka ƙi rubuta har kuɗin. Ba wanda ya ci ko sisi, na sani. Amma haka Kawu ma ya sani. Duk wanda ya taɓa zama a kwamitin masallaci ko na ƙungiyar 'yan gari ya san yadda rigima ke farawa: ba a kama kowa da sata ba, sai dai an tambayi ma'aji lissafi ya ce a ba shi lokaci. Na kai maganar taron kwamiti. Wasu sun ce sadaka ba a yi mata rasit. Muna nan muna ja, amma an yarda a sayi littafi mai lambar shafi, kuma mutum biyu za su riƙa ƙirga kuɗin Juma'a.

A shagon kuwa, an raba gado a watan da ya wuce. Magadan sun zaɓi su bar hannun jarinsu a ciki, aka je aka gyara takardar kamfani. Babbar 'yar marigayin, wadda ta gama sakandare bana, ita ke zama a tebur daga safe zuwa la'asar da littafin shiga-da-fita, akantar kuma tana zuwa ƙarshen kowane wata. Ranar Asabar na leƙa na tarar Kawu ya zaro dubu goma daga aljihun tebur zai ba wani mai neman taimako. Yarinyar ta ɗago kai ta ce, "Baba, a asusun wa zan rubuta?" Ya dube ta, ya dube ni, ya ce, "Rubuta a nawa."

Abu ɗaya ne ya rage ba a warware ba. A shafin ƙarshe na littafi na shida akwai wani adadi babba da marigayin ya rubuta da hannunsa, da ajami, ba suna a gefensa, ba kwanan wata. Kawu bai san ko bashi ne suke bi ba, ko su ake bi. An yi sanarwa a masallatai uku. Har yau ba wanda ya zo.